An Ɗauki Ilimin Ungozomomin Peru, An Bar Su a Bakin Ƙofa

A ƙauyukan tsaunukan Andes na ƙasar Peru, ungozoma ce likitar mata tun kaka da kakanni. Ita ke shafa ciki ta gane kwanciyar ɗa, ta dafa ganyaye ta ba mai naƙuda, ta ɗumama ɗaki, domin a wurin 'yan ƙabilar Quechua sanyi maƙiyin mai jego ne. Matan can a durƙushe ko a tsugune suke haihuwa, suna riƙe da igiya, miji na tallafe da su ta baya, daga bisani a binne mabiyiya, abin da Bahaushiya ba za ta yi mamakinsa ba. Asibiti kuwa ya daɗe yana kwantar da su rigingine a ɗaki mai sanyi, gaban ma'aikatan da ba sa jin yarensu. Dole suka ƙaurace masa.

Sauraron ungozomomi ne ya juya lamarin. A wani yanki na jihar Ayacucho inda aka gyara ɗakin haihuwa bisa al'adar mutanen, masu haihuwa a asibiti sun tashi daga kashi 6 cikin ɗari a 1999 zuwa kashi 83 a 2007. A 2005 Ma'aikatar Lafiya ta amince a hukumance da haihuwar durƙuso a asibitoci. Sai dai dabarun aka ɗauka, masu su ba a ba su gurbi cikin ma'aikatan lafiya ba, a wasu wuraren ma har tara aka riƙa cin iyalan da suka haihu a gida. Wannan rashin adalci ne, kuma asara ce ga mata masu ciki.

Za a ce ungozoma ba ta iya ƙarin jini, ba ta iya tiyata, alhali zubar jini na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu haihuwa a karkarar Peru. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai so a rufe asibiti. Amma wa zai shawo kan mace ta tafi kafin abu ya ɓaci? Tsakanin 1996 da 2000, zamanin mulkin Shugaba Alberto Fujimori, an ɗaure wa mata fiye da 270,000 mahaifa, da yawansu talakawa 'yan Quechua, dubbai ba da yardarsu ba. Uwar da aka yi wa haka ba za ta tura ɗiyarta asibiti don jami'i ya ce ta je ba. Maganar ungozomar da ta yanke wa ɗiyar cibiya za ta ji. Don haka ya kamata gwamnati ta koya wa ungozomomi alamomin haɗari, ta biya su ladan raka mata asibiti, ta kuma bar su su shiga ɗakin haihuwa tare da wadda suka kawo.