Gem ɗin yara ya fi mu iya ba da tsoro

Makon nan zan taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri.

Kwanakin baya na yi wani dare a kan kwamfutar ƙanena ina buga gem. Da na ba wani abokin rubutu labari, sai ya ce: "Haba malam, kai da girmanka? Wannan ai shirmen yara ne." To mutumin nan yana da labarin aljanu shafi sama da ɗari, na karance shi tas ƙarfe ɗayan dare, ni kaɗai a ɗaki, ko gezau ban yi ba. Shirmen yaran kuwa sai da ya sa na waiga bayana. Shi ya sa na ce bari mu yi maganar a fili.

Gem ɗin reshe ne na Friday Night Funkin'. Wasu samari huɗu ne suka ƙirƙiri asalinsa a watan Oktoban 2020 don gasar Ludum Dare, inda ake haɗa wasa cikin 'yan kwanaki, daga baya suka ɗora shi a shafin Newgrounds, kowa ya buga kyauta a burauza. Dokarsa ba ta da wuya. Kibiyoyi huɗu ne: hagu, ƙasa, sama, dama. Abokin karawarka ya rera, kai kuma ka mayar masa ta hanyar danna kibiyar da ta dace daidai lokacin da ta iso. Ka dace, ma'aunin da ke ƙasan allo ya karkato gare ka. Ka yi ta kuskure, ya zuƙe har ka faɗi. Da yake sun bar ƙofar shirin a buɗe, masoya suka yi ta gina nasu a kai. Wanda na buga, Vs. Sonic.exe, aikin masoya ne, sun ɗauko Sonic ɗin nan shuɗi na kamfanin Sega suka mayar da shi dodo mai baƙaƙen idanu.

Abin da ya ba ni tsoro ba fuskar ba ce. Ka nemo hotonta da rana, dariya za ka yi. Abin da suka yi shi ne, sun fara koya wa yatsuna kiɗan. Na saba, na saki jiki, idona ya kafe a kan kibiyoyi, ba ni da damar kallon wani wuri domin ƙiftawa ɗaya faɗuwa ce. A nan ne allon ya yi shuu, fuskar ta bayyana ta ɓace, kiɗan bai tsaya jirana ba. Can kuma waƙar ta lafa, aka bar ni da dariyarsa, yatsuna a sama suna jiran abin dannawa. Wannan ɗan jiran ya fi komai tayar min da hankali.

Ko a asalin wasan haka suka yi. A mataki na biyu, inda ake karawa da Skid da Pump, yaran da mai zane Sr Pelo ya ƙirƙira, ana cikin wani gida mai duhu, walƙiya na haskawa ba tare da sanarwa ba, jaruman su zabura. A mataki na biyar kuwa, ana tsakiyar shagalin Kirsimeti a wani katafaren kanti, waƙa biyu lafiya lau, sai wuta ta ɗauke. Da ta dawo, kantin nan ne dai, amma komai ya rikiɗe, ga wani mai kan lemun tsami yana rera mugun abu da murya mai daɗi. Sai da suka sa ka saba da wurin kafin su ɓata shi.

Yanzu mu dawo kanmu. Ya muke rubuta tsoro? Tun layin farko an sanar da mu cewa gidan "mai matuƙar ban tsoro" ne. Layi na uku tsigar jikinta ta tashi. Na biyar ta kurma ihu. Na shida ta faɗi sumammiya. Kafin babi ya ƙare ta suma sau uku, aljanin yana da ƙaho da jela da ido a goshi, jini na malala kamar an yanka raƙumi. Mai karatu kuwa yana cin gyaɗarsa. Me ya sa? Domin ba a ba shi abin da zai rasa ba. Bai zauna a gidan yana lafiya ba, balle ya ji ciwon lalacewarsa. Jarumar ta gama jin tsoron a madadinsa, shi me ya rage masa?

Na san abin da za a ce. Gem yana da sauti da hoto, mu kuwa baƙaƙe kawai gare mu. To kakanninmu da suka hana mu fita fitsari da dare saboda Dodo, wane allo gare su? Ku tuna yadda tatsuniya ke tafiya. Yarinya ta rera waƙarta, ƙofa ta buɗe. Washegari ta rera, ta buɗe. Mun haddace, har muna amshi. Rana ta uku sai aka ji waƙar nan dai, amma da wata murya. Daga nan kaka ta yi shiru, ta gyara zama, mu kuma numfashi ya tsaya. Dabara ɗaya ce da ta gem ɗin nan: maimaici, sabo, sannan saɓawa. Kayanmu ne tun asali, mu muka yar.

A rubutu, tsawon jimla shi ne gangarka. Misali: kullum bayan isha'i Ladi takan rufe ƙofa, ta ƙirga yaranta a kan tabarma, ɗaya, biyu, uku, ta hure fitila. Ka nuna mana haka dare biyu, cikin nutsuwa, har mu gaji da ƙirgar. A dare na uku ta ƙirga. Huɗu. Ka tsaya nan. Kada ka ce ta firgita, kada ka kwatanta na huɗun. Mai karatu zai ƙera shi da kansa, kuma nasa zai fi naka muni.

Wani zai ce gem ɓata lokaci ne. Zai iya zama haka, na yarda, kuma irin wannan mai jini ba na ƙananan yara ba ne, iyaye su lura. Wanda bai son kiɗa ma ban ce ya je ya buga ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne raini. Waɗanda suka haɗa abin nan ba a biya su ba, sun zauna suna auna inda kowace kibiya za ta faɗo, suna gwadawa suna gyarawa. Mu kuma mu rubuta babi a zama ɗaya, ko sake karantawa babu, mu tura, mu zauna jiran yabo. Asalin wasan da ake kira shirme, a 2021 jama'a suka tara wa masu shi sama da dala miliyan 2 a Kickstarter don su faɗaɗa shi. Mutum ba ya zaro kuɗinsa don abin da bai taɓa shi ba. Raina kama ka ga gayya.

Ga aikin makon nan ga mai so. Ɗauko babin tsoron da ka fi alfahari da shi. Goge kalmar tsoro, da firgita, da razana, da suma, duk inda suke. Sannan ka karanta shi da murya, kana buga yatsa a kan tebur. Ina ka sa mu saba? Ina ka saɓa? Ina ka yi shiru? In ka goge kalmomin nan babin ya zama fanko, to dama babu komai a ciki, kuma gara ka gano da kanka kafin masu karatu su gaya maka. Ni ma na gwada a kan nawa, shafi huɗu na yaga.

Wanda ya gyara nasa ya kawo mu gani. Allah Ya ƙara basira.