Zauren Uwargida: Ranar Da Kwamfutar Auta Ta Suma

 A fitowar da ta wuce na yi muku alƙawarin za mu tattauna a kan kayan lefe da yadda ake ƙure samari. To ku yi mini afuwa, mu ɗaga shi zuwa gaba. Wani abu ne ya faru a gidana da ya hana ni barci har kwana huɗu, na ga bai kamata in bar shi a cikina ba, don na san gidajen da ke fama da irinsa suna da yawa.

Autana yana shekarar ƙarshe a jami'a, yana karanta zanen gine-gine. Tun yana aji uku yake yi mini naci a kan laftof, wai ba kowace iri ce ke ɗaukar manhajojin zanensu ba, sai mai ƙarfi, irin wadda ake kira ta gem. Ranar da ya furta kalmar gem a gaban Abbansa kuwa, nan magana ta mutu. Alhaji ya ajiye cokali ya ce, "Ni zan sayo maka abin wasa da gumina? Tashi ka ba ni wuri." Ni kuwa kun san zuciyar uwa. Na kwashi adashena na wata goma, na haɗa da 'yan kunnena na gwal, aka sayo masa ta hannu. Na kuma tsaya wa yaro, na ce wa Alhaji in ya ga ta ɓata shi, ni zai tuhuma.

Shekara guda ana zaune lafiya. Da zafin Afrilu ya shigo sai ta fara wani irin huci kamar injin markaɗe, gefenta ya ɗau zafi har ba a iya ɗora hannu. Hoto ya riƙa tafiya yana cijewa, can sai ɗif! ta mutu kamar an ɗauke wuta. In ta huce ta tashi, in an jima ta sake. Sati biyu ɗan nan yana ɓoye mini. Sai wani dare na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata a hankali, na buɗe na gan shi idanu jajur.

"Umma, yau sau biyar tana mutuwa. Kuma saura sati uku in miƙa furojet."

Na ce, "Ka ajiye kwafinsa a wani wuri?"

Ya sunkuyar da kai. Gabana ya yanke ya faɗi. Wahalar shekara guda tana cikin abin da ke suma sau biyar a wuni.

Da safe labari ya kai kunnen Alhaji. Bai yi faɗa ba, ni da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ai ga irinta nan. Yaro yana kwana buga ƙwallo a allo, ke kina ce mini karatu yake." Ya saɓa babbar rigarsa ya fice.

Muka ɗauke ta sai kasuwa, wajen wani mai gyara. Ya kunna, ya shinshina, ko noti ɗaya bai kwance ba ya ce, "Hajiya, bod ya ƙone. Sai dai a sayar da ita a kayan gyara, ni ma zan iya taimaka muku in saya." Wannan taimakon nasa shi ya tsaya mini a rai. Abin da ya ƙone ta yaya yake tashi ya yi aiki na rabin awa? Na ce mun gode, muka juyo. A gida kuma masu shawara suka yi caa. Wata ta ce a riƙa sa ta a firji, wata ta ce baki ne ya kama ta, a nemo tofi.

Allah ya taimake ni da 'yar ƙanwata, wadda ta karanta injiniyancin kwamfuta, tana bautar ƙasa a nan garin. Da ta zo, aikin farko da ta yi shi ne ta bari kwamfutar ta huce sarai, ta kunna, ta kwashe furojet ɗin kaf ta zuba a filash, ta kuma tura wani kwafin Google Drive. Sai a lokacin na yi ajiyar zuciya. Batun firji kuwa dariya ta yi, ta ce in an fito da ita raɓa za ta taru a cikinta kamar yadda take taruwa a jikin kwalbar lemo, daga nan sai ƙonewar gaske.

Sannan ta dubi Auta ta ce ya gaya mata yadda take mutuwa, don mutuwar iri-iri ce. In gem ɗin ne kawai ya rufe kansa amma kwamfuta na nan a kunne, yawanci matsalar daga gem ɗin ne ko daga direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi, sai a sabunta. In rubutu ne ya cika fuska kafin ta sake tashi da kanta, a yi maza a ɗauki hotonsa da waya, don a ciki take faɗin abin da ke damunta. In kuwa ɗif take yi babu sallama tana tsakiyar aiki mai nauyi, to abu biyu ake fara tuhuma, zafi da wuta.

Ta saka wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna HWMonitor, mai nuna zafin cikin kwamfuta. Ba a taɓa komai ba tana nuna digiri 71. Ta ce ya kunna ƙwallonsa. Ya saci kallona, na ce kunna mana, yau ai asiri ya gama tonuwa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci lamba ta kai 99.

Ga yadda ta fahimtar da ni, ni da ban yi karatun ba. A cikin irin wannan laftof akwai ƙwaƙwalwa biyu, furosesa mai lissafi da kuma mai zana hoto, kowacce faɗinta bai kai na kwalin ashana ba, amma in suna aiki zafi suke fitarwa kamar garwashi. An ɗora musu bututun jan ƙarfe da ke janye zafin ya kai shi wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran matsefi, fanka kuma ta hura iska ta tsakaninsu ta fitar da shi waje. Masu ƙera furosesa sun sa mata iyaka, yawancin na kamfanin Intel digiri 100 ne. In ta kusa kaiwa sai ta rage gudu da kanta, shi ne cijewar nan da hoto ke yi. In zafin ya ƙi sauka sai ta kashe kanta gaba ɗaya.

Ta ce, "Inna, suman nan da kike gani, ranta take ceta. Da ba ta yi, da tuni ta ƙone."

Sai ta tambaye shi a ina yake ɗora ta. Ya nuna wani filo mai rigar karan-miski a kan katifarsa. Jama'a, kunya ta rufe ni, don ni na ɗinka filon nan da hannuna, wai kada bayanta ya goge. Ashe ta ƙarƙashi take shaƙar iska, ta fitar ta baya da gefe. Shekara guda na toshe mata hanci da filo, a ɗaki mai rufin kwano, a garin da zafin Afrilu ke kai wa digiri 40 a inuwa. Iskar da za ta sanyaya ta ma da zafinta take zuwa.

Aka kawo tire aka kife ta a kai. Yarinyar nan ta kwance notuna ta jera su yadda ta ciro su, ta fara zare wayar batir kafin ta taɓa komai. Abin da muka gani tsakanin fanka da haƙoran matsefin nan, wallahi sai da na ce tirƙashi. Ƙurar hunturu ce da zaren bargo suka dunƙule suka zama kamar auduga, ta ɗago ta da tsinke ta fito sala guda. Fanka tana ta juyawa tana ihu, iska ba ta da hanyar wucewa. Ta share da burushi mai laushi, ta hura sauran da 'yar bulowa tana danne fankar da yatsa, ta ce in aka bar iska ta juya ta fiye da kima lalacewa take yi.

Da ta ɗaga bututun sai ga wani abu mai launin toka ya bushe ya tsattsage kamar laka a bakin kududdufi. Wai maiko ne na musamman da ake sawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfe don zafi ya ratsa da kyau, kuma bayan 'yan shekaru bushewa yake. Wanda ya sayi ta hannu bai san shekara nawa na ciki ya yi ba. Ta goge da sifirit, ta ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa a kan kowacce, ta mayar. Ta duba batir ko ya kumbura, ta ce in kuka ga wajen da ake goga yatsa ya ɗago sama, a daina caji nan take a canza batirin, kada a matsa shi ko a huda shi, gobara yake tayarwa. Ni dai shawarata, wadda ba ta da irin 'yata a gida kada ta ce za ta kwance da kanta. Ta kai wa mai gyara, amma ta ja kujera ta zauna a buɗe a gabanta, ta ga ƙurar da idonta.

Aka ɗora ta a tebur, aka tokare bayanta da littafi, aka sake kunna ƙwallo. Lamba ta tsaya a 83. Har na fara rangaɗa guɗa a zuci.

Da magariba, ana kan janareto, sai ɗif! Ta sake.

Auta ya dafe kai. Ita kuwa ba ta ce uffan ba, ta jawo caja ta taɓa, ta yi saurin janye hannu. Ta juya bayanta ta karanta, ta kifa laftof ɗin ta karanta. A jikin laftof an rubuta 19.5V da 9.23A, ta ce in aka ninka su wat 180 ke nan take buƙata. Cajar kuwa wat 90 ce, rabi cif. Ƙananan laftof na ofis wat 45 ko 65 ya ishe su, amma irin wannan ci gare ta. In caja ta gaza sai ta riƙa cike giɓi daga batir, caji na raguwa alhali tana jone, batirin kuma ga shi tsoho. In cajar ta yi zafi ta yanke, shi ke nan.

"Wa ya sayo wannan cajar?"

Nan ma dai ni ce. Ta asalin wutar janareto ta ƙone ta da damina, na je kasuwa na ga bakinsu iri ɗaya, na ɗauki mai sauƙin kuɗi ina murna na yi ciniki. Araha dai ba ta ado.

Shi ma gogan bai fita ba. Da ta danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin abubuwan da ke aiki ya fito, sai ga wata baƙuwar manhaja tana cin ƙarfin furosesa ko ba a komai. Ta biyo gem ɗin da ake tura musu ta filash ne, ta ce wasu irinsu a ɓoye suke haƙa wa wani kuɗin kirifto da wutarka da kwamfutarka. Shi ya sa take 71 tana zaune. Ta cire ta, ta ƙayyade masa hoton gem a 60 cikin daƙiƙa, ta rage masa ƙawar hoton. Da bakinsa ya amsa cewa akwai daren da shi da abokansa suka buga har kiran assalatu. FIFA yake ce mata har yanzu, ko da yake wai tun 2023 aka sauya mata suna zuwa EA Sports FC.

Daren nan bayan Alhaji ya ci tuwo na zauna kusa da shi na ce, "Alhaji, ka yi gaskiya rabi, yaronka yana buga ƙwallo. Amma filon da ya shaƙe ta ni na ɗinka, cajar ma ni na sayo." Ya dube ni ya daɗe, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Wato ke da ɗanki kuka haɗu kuka kashe ta, ni kuma aka bar ni da baƙin jini."

Washegari da la'asar sai ga yaron shagonsa da sabuwar caja mai wat 180, da wani ɗan katako da ya sa kafinta ya yi, mai ƙafa biyu a baya, tsakiyarsa a buɗe don iska. Ya kira Auta ya ce ƙwallo sai bayan furojet, in ya ji ihun 'yan kallo daga ɗakin nan kafin lokacin, cajar zai ɗauke. Filon kuwa ya koma falo ana jingina da shi.

Auta ya miƙa furojet saura kwana biyu a rufe. 'Yan kunnena dai har yau ina jiran Alhaji ya tuna da su, na kuma san yana karanta wannan shafi. Maganar lefe sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.