Amsar Takardu: Katangar Tsakar Gida Ba Ta Tsare Gobara

Takardu sun yi ta zuwa mana daga akawuna da malaman makaranta, kusan duk kukansu ɗaya ne. Wani ya ce ya tashi raba faifan ajiya na kwamfutarsa gida biyu, da ya gama sai ya tarar gida ɗaya ya ɓace da duk abin da ke ciki. Wani ya ce ya share sakamakon jarrabawar yara bisa kuskure, ga shi an tsare shi ya kawo. Wani kuwa tambaya ya ke yi, wai in ya raba faifan, shi ke nan takardunsa sun tsira? To, bari mu gama su duka mu ba da amsa ɗaya, mai kunne ya ji.

Da fari sai a san yadda faifan nan ya ke. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irinsa cikin 1956, faya-fayai 50 a jere, kowanne faɗinsa inci 24, amma duk abin da su ke ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Yau mai terabayit 1, wanda mutum ke jefawa aljihu, ya ninka wancan wajen sau dubu 200. Wuri mai yawa haka ba shi riƙuwa sai da littafi. Sabo da haka kwamfuta ta kan ajiye littafi iri biyu. Na ɗaya shi ne na iyaka, mai nuna inda kowane sashe na faifan ya fara da inda ya ƙare. Na biyu kuwa kowane sashe da nasa, kamar littafin malamin haraji, an rubuta sunan kowane fayil da gurbin da ya ke zaune.

Littafin iyaka na dauri, wanda a ke kira MBR, ya fito cikin 1983. Yana zaune a gurbin farko na faifai, bayit 512 kacal, ba shi ɗaukar manyan sassa fiye da 4, kuma bisa galibin faya-fayai ba shi iya lissafin abin da ya haura terabayit 2. Na yanzu, watau GPT, Windows ta kan yarda a yanka sassa har 128 da shi, kuma yana ajiye kwafin kansa a can ƙarshen faifai, domin in na gaba ya lalace a koma ga na baya.

To, mene ne amfanin rabon? Amfaninsa kamar na katangar da mai gida ya ke ja tsakanin turakarsa da rumbu. Ka bar Windows da sauran manhajoji a sashen C, ka tara takardunka a sashen D. Ran da Windows ta rikice, sai a wanke C a sake zuba ta, D na nan ba abin da ya taɓa shi. Amma fa mai tambaya ya lura, sassan nan biyu bisa faifai guda su ke. In faifan ya mutu, ko kwamfutar ta faɗi, ko ɓarawo ya yi gaba da ita, C da D tare za su tafi. Gobara in ta kama gida ba ta tsayawa tambayar ina turaka ina rumbu.

Wanda ya yi niyyar raba faifan da ke da kaya a ciki, lalle ya kwashe kwafin kayan zuwa wani faifai tukuna. Ya tabbata batir a cike ya ke, gama in wuta ta ɗauke ana tsakiyar matsar da iyaka, ɓarnar ba ƙarama ba ce. Kana ya karanta harafin sashen da girmansa sau biyu kafin ya danna, kada garin neman gira a rasa ido.

Sai batun abin da ya riga ya ɓace. Jama'a, ku kwantar da hankalinku, ba kowane ɓata ne mutuwa ba. Sa'ad da ka share fayil, ko da ka zubar da kwandon shara, kwamfuta ba ta bin rubutun ta kankare. Sunan kaɗai ta ke sokewa a littafi, ta ce gurbin nan ba mai shi. Rubutun na nan kwance har ran da wani sabon abu ya zo ya hau kansa. Haka kuma sashen da ya ɓace, sau da yawa littafin iyaka ne kawai ya ɓaci, gidaje na nan tsaye da mutanensu.

Tun da haka ne, babban magani shi ne tsayawa cik. Kada ka ajiye kome bisa faifan, kada ka sauko da kome daga intanet. In Windows ta ce a wanke faifan kafin a yi aiki da shi, ka ƙi. Manhajar ceto ma kada ka zuba ta a sashen da ka ke nema a ciki, kuma abin da ka ceto ka kai shi wani faifai dabam, don kada mai ceto ya taka wanda ya zo ceto. Akwai manhajoji biyu na kyauta da wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya yi. TestDisk ita ke laluben iyakar da ta ɓace ta mai da sashen wurinsa. PhotoRec kuwa ba ruwanta da littafi, gurbi gurbi ta ke bi tana gane fayil da alamar da ke kansa, sai dai ta kan kawo su ba sunayensu na asali, kai za ka zauna ka tantance.

Wuri uku ne dabarar nan ba ta ci. In faifai na ƙara ƙyas-ƙyas, ciwon a jikinsa ya ke, sai a kashe shi a kai wa gwani, kada a buɗe, gama ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce shi. In an yi masa doguwar wanka, tun daga Windows Vista sifiri a ke bi a rubuce shi da shi duka. In kuwa sabon irin nan ne marar juyawa, watau SSD, akwai umurnin da a ke kira TRIM, wanda ke sa shi goge abin da aka share ba da jimawa ba.

Kada wani ya ce wannan masifa ta ƙananan ma'aikata ce. Cikin 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, an ba da umurnin sharewa bisa kuskure, ya cinye mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2. Aka juya ga ajiyar ofis, aka tarar ba ta da kyau. Abin da ya cece su, wata ma'aikaciyarsu mai jego tana da kwafi a kwamfutar da ta ke aiki da ita a gida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sabo da haka shawararmu ga kowane akawu da malami ita ce, duk takardar da rashinta zai hana ka barci, ka yi ta uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani faifai na waje, ɗaya kuma nesa da ɗakin da kwamfutar ta ke. Lokaci lokaci ka buɗe ajiyar ka gani da idonka tana aiki. Takardun ofis da na makaranta amana ce a hannunka, ranar tambaya kuwa ba a karɓar "kwamfuta ce ta cinye".

Allah ya tsare mu da da-na-sani, amin. Wanda ke da sauran tambaya ya rubuto.