Fansho a jami'o'in Birtaniya: Yadda ranar biyan albashi ke yanke wa ma'aikacin wucin gadi hukunci

Da wuya a samu jami'a a Birtaniya da za ta kai ƙarshen zangon karatu ba tare da ma'aikatan wucin gadi ba. Su ne masu tsaron jarrabawa, da ɗaliban digiri na uku da ke koyar da ƙananan azuzuwa, da masu duba takardu, da masu zagayawa da baƙi a ranar buɗe ƙofa, da masu aiki a laburare da ɗakin cin abinci. Ana biyansu ne bisa awannin da suka yi.

A cikinsu akwai 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka da suka je karatu, waɗanda bizarsu ta ba su damar aikin da bai wuce awa 20 a mako ba a lokacin zangon karatu.

Doka ta ce waɗannan mutane ma suna da haƙƙin fansho na wurin aiki. Sai dai a aikace, abin da ke yanke hukuncin ko za a sa mutum a tsarin ko ba za a sa shi ba, sau da yawa shi ne ranar da takardar awanninsa ta isa ofishin albashi. Wannan ba daidai ba ne, kuma jami'o'in suna da ikon gyarawa ba tare da jiran majalisa ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar Fansho ta 2008 ce ta kawo tsarin sanya ma'aikata a fansho kai tsaye ba tare da sun nema ba. An fara aiki da shi a watan Oktoban 2012 daga manyan ma'aikatu, kafin ya game ƙananan a 2018.

Wanda ya kai shekara 22, bai kai shekarun karɓar fanshon gwamnati ba, yana aiki a Birtaniya, kuma albashinsa ya haura fam 10,000 a shekara, dole ne mai aiki ya sa shi. Tun daga Afrilun 2019, mafi ƙarancin abin da ake zubawa shi ne kashi 8 cikin 100, kuma aƙalla kashi 3 daga aljihun mai aiki yake fitowa. Ragowar kashi 5 na ma'aikaci ne, haɗe da rangwamen harajin da gwamnati ke yi.

Mafi ƙarancin nan ba a kan dukkan albashi ake lissafa shi ba. Ana ɗaukar abin da ke tsakanin fam 6,240 da fam 50,270 ne a shekara.

Wanda albashinsa ke tsakanin 6,240 da 10,000 ba a sa shi kai tsaye, amma idan ya nema a rubuce dole a sa shi, kuma dole mai aiki ya zuba nasa kason. Wanda bai kai 6,240 ba shi ma zai iya neman shiga, sai dai mai aiki ba ya da tilas ya ƙara masa ko sisi.

Ga mai albashin dindindin, wannan lissafi ne mai sauƙi. Ga wanda aikinsa ke zuwa yana ɗaukewa kamar ruwan bazara, nan ne matsalar take.

Lissafin wata-wata

Ofishin albashi ba ya jiran ƙarshen shekara kafin ya ga ko mutum ya kai fam 10,000. Duk lokacin biya sai an auna shi. Ga masu karɓa wata-wata ma'aunin fam 833 ne, ga masu karɓa mako-mako kuwa fam 192. Ƙasan lissafin kuma fam 520 ne a wata, ko fam 120 a mako.

A ɗauki misalin mutum biyu da suka yi aiki iri ɗaya a sashe ɗaya: kowa ya yi aikin fam 600 a wata, har wata uku.

Ta farko malaminta yana sa hannu a takardar awanninta a kan lokaci, ana biyanta 600 duk wata. Ba ta taɓa haura 833 ba, don haka ba a sa ta a fansho ba. Ko da ta nemi shiga da kanta, fam 80 kawai za a lissafa duk wata, watau 240 a wata ukun, kason jami'a ya kama fam 7.20.

Na biyu takardunsa sun kwana a teburin wani, aka tara aka biya shi fam 1,800 a wata guda. Ya haura ma'auni, an sa shi. An lissafa a kan fam 1,280, jami'a ta zuba 38.40, shi kuma nasa kason ya kama 64.

Aiki ɗaya suka yi, kuɗi ɗaya suka samu, amma ɗaya ta fita hannu rabbana, ɗayan kuma ya ga ragi a takardar albashinsa a daidai watan da ya daɗe yana jira ya biya bashin haya. Babu wanda ya zaɓi abin da ya same shi a cikinsu. Jinkirin sa hannu ne ya zaɓa musu.

Akwai kuma wani giɓin. Ana auna kowane wurin aiki ne daban. Wanda ke samun fam 500 a jami'a da wata 500 a wani shago ya haura 833 idan aka haɗa, amma a idon doka bai kai ba a kowane ɓangare.

Ƙofar ɗagewa

Doka ta bai wa mai aiki damar ɗage sanya ma'aikaci har tsawon wata uku, muddin ya rubuta masa wasiƙa a cikin mako shida. Manufar ita ce a sauƙaƙa wa ma'aikatu game da masu aikin ɗan lokaci da masu samun ƙarin kuɗi na wata guda.

Amma a duba yadda wannan ke haɗuwa da kalandar jami'a. Mai tsaron jarrabawa ya samu fam 1,000 a watan Mayu, an ɗage shi zuwa Agusta. A Agusta ana hutu, babu jarrabawa, albashinsa bai kai ma'auni ba, don haka ba a sa shi. A Janairu jarrabawa ta dawo, ya sake haurawa, doka kuma ta yarda a sake ɗagewa.

Haka mutum zai iya shafe shekaru yana yi wa jami'a ɗaya aiki a lokutan da ta fi buƙatarsa, ba tare da ta taɓa zuba masa ko kwabo a fansho ba, kuma ba ta karya doka ba.

Gaskiya ne cewa ko a cikin watannin ɗagewar ma'aikaci na da damar ya nemi a sa shi. Amma wannan haƙƙi yana cikin wasiƙa ce mai cike da kalmomin lauyoyi, wadda ke shigowa ta imel tare da wasu goma. Dalilin kafa tsarin tun farko shi ne an gano cewa yawancin mutane ba sa cike fom da kansu. Mayar da nauyin kan mafi raunin ma'aikata komawa ne gidan jiya.

Ba rashin sanin fansho ba ne

Jami'o'in Birtaniya sun fi kowa sanin darajar fansho. A tsarin USS, wanda malaman tsofaffin jami'o'i ke ciki, tun Janairun 2024 jami'a ke zuba kashi 14.5, ma'aikaci kuma 6.1. A tsarin fanshon malamai da jami'o'in da suka samu matsayinsu bayan 1992 ke amfani da shi, kason mai aiki ya kai kashi 28.68 tun Afrilun 2024.

Inda aka tsaya a kan mafi ƙarancin da doka ta gindaya kuwa, ma'aikacin da ya samu fam 900 a wata za a cire masa 520 daga lissafi, a ɗauki kashi 3 na 380. Kason jami'a fam 11.40 ke nan. Kashi 14.5 na wannan 900 ɗin fam 130.50 ne.

Ƙungiyar malaman jami'o'i ta UCU ta daɗe tana yaƙi da yawaitar aikin wucin gadi, kuma wannan tazara na daga cikin abin da ke ba ta hujja.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu kare tsarin da ake kai suna da abin faɗa. Jami'o'i da dama na cikin matsin kuɗi, wasu har suna rage ma'aikata. Sanya wanda zai yi aikin mako biyu a fansho na haifar da ƙananan asusu barkatai da masu su ke mantawa da su. Ɗalibin da ya zo daga waje kuma ya fi buƙatar fam 19 a hannunsa yau fiye da a asusun da ba zai taɓa ba sai ya kai shekara 55, shekarun da za su koma 57 a 2028.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai cewa a hana ɗagewa ga wanda ya zo aikin kwana goma ya tafi. Amma wanda ya dawo zango na uku, na huɗu, ba baƙo ba ne kuma. Ofishin albashi yana da tarihinsa a kwamfuta.

Batun buƙatar kuɗi a hannu kuwa, doka ta riga ta amsa shi. Wanda aka sa yana da wata guda ya ce ba ya so, a mayar masa da abin da aka cire. Bambancin shi ne a nan shi ya zaɓa, bayan ya ga abin da zai rasa.

Abin da ya kamata jami'o'i su yi

Na farko, a biya aikin kowane wata a watansa. Takardar awanni da ta kwana a teburin shugaban sashe laifin jami'a ne, bai kamata ma'aikaci ya ɗauki sakamakonsa ba. A bayyana ranar rufe karɓar takardu, a ɗora wa masu sa hannu wa'adi.

Na biyu, a taƙaita ɗagewa zuwa sau ɗaya ga mutum ɗaya. Doka ta ba da dama ne, ba ta tilasta ba.

Na uku, a rubuta wasiƙar da mutum zai gane a waya cikin minti ɗaya: nawa za a cire, nawa jami'a za ta ƙara, yaya ake shiga, yaya ake fita, kuma me zai faru da kuɗin idan mutum ya bar ƙasar.

Na huɗu, a lissafa kason jami'a tun daga fam na farko. Majalisar Birtaniya ta zartar da doka a 2023 da ta bai wa gwamnati ikon rage shekarun shiga zuwa 18 da kuma cire ƙasan lissafin. Babu abin da ya hana jami'a ta yi hakan da kanta, domin abin da doka ta gindaya mafi ƙaranci ne.

Ga ɗalibin da ke can

Wanda ke cika awa 20 a mako a kan mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025, fam 12.21 a awa ga masu shekara 21 zuwa sama, yana samun fam 244.20 a mako. Ya haura ma'aunin 192. Kasancewarsa baƙo mai bizar karatu bai cire shi daga tsarin ba.

Idan ya ga ragin fansho a takardar albashi, kada ya yi gaggawar fita kafin ya lissafa. Fita na nufin barin kason jami'a da rangwamen haraji. Kuɗin da aka tara nasa ne ko da ya koma Kano ko Zinder, muddin ya adana lambar asusun ya kuma riƙa sabunta adireshinsa. Idan wata gudan ya wuce, zai iya daina zubawa, amma yawanci abin da ya riga ya shiga zai zauna har shekarun cirewa.

Mai damuwa da batun riba ya tambayi irin asusun da aka sa shi. NEST, tsarin da gwamnati ta kafa don wannan shiri, yana da asusun da ke bin ƙa'idojin shari'ar Musulunci, kuma mamba ne ke neman a mayar da shi can.

Wanda ya fita kuma ya sani cewa duk bayan kamar shekara uku mai aiki zai sake sa shi idan ya cika sharuɗɗa. Haramun ne a doka mai aiki ya matsa wa ma'aikaci ko ya yi masa tayin wani abu don ya fita, kuma hukumar kula da fansho ta The Pensions Regulator ce ke karɓar irin wannan ƙorafi.

Wanda ba a sa shi ba, alhali yana samun sama da fam 520 a wata, ya rubuta wa ofishin albashi ya ce a sa shi. Layi biyu sun isa, kuma daga nan kason jami'a ya zama wajibi.

Amma babban nauyin yana kan jami'o'in. Cibiyar da ke koyar da lissafin fansho da dokar ƙwadago a azuzuwanta ba ta da uzurin barin mai tsaron jarrabawar waɗannan darussa ya dogara da sa'ar ranar da aka sa hannu a takardarsa.