Ba Kowane Yoyo Ake Toshewa Ba: Tsakanin Waya, Jirgin Ruwa da Injin Ban Ruwa

Tallan waya ya sa mun ɗauka duk na'urar kirki ba ta barin ko ɗigon ruwa ya wuce. Da ka ga IP68 a jikin kwali, hankalinka ya kwanta. To amma gam da robar da ke cikin waya a zaune suke, ba abin da ke juyawa a cikinsu. Da zarar sandar ƙarfe mai juyawa ta ratsa ta cikin ruwa, lissafin ya canza.

Jirgin da injinsa ke ciki yana da sandar da ke fita ta ƙasansa zuwa farfela. A bakin ramin akwai wani ɗan akwati da ake cusa wa igiya mai kusurwa huɗu, a ɗaure da noti. Ta gargajiya zaren tsiro ce da aka jiƙa da kitse ko giris; ta zamani ana haɗa ta da Teflon ko girafait, wato baƙin cikin fensir. Wannan akwati dole ya riƙa ɗiga, kamar ɗigo biyu ko uku a minti idan sandar na juyawa, domin ruwan ne ke sanyaya wurin. Wanda ya matse notin har ya bushe ƙaƙas zai ƙona igiyar, ta ci jikin sandar, kuma sanda ta fi igiya tsada nesa ba kusa ba.

Girman igiyar ma ba da ido ake zaɓa ba. A auna faɗin ramin, a cire kaurin sandar, a raba biyu: rami milimita 37 da sanda milimita 25 na nufin igiya mai milimita 6. A yanka ta zobe-zobe, kuma kada bakin zobe ɗaya ya dace da na kusa da shi.

Mu nan Madachi ba mu da teku, ruwanmu mafi girma shi ne Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974. Injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale ba shi da wancan akwati, sil ɗin roba gare shi, kuma zaren taru da ya naɗe a bayan farfela ne ke yanka shi. Idan man giya ya koma kalar madara, ruwa ya shiga.

Inda maganar ta fi shafarmu shi ne injin ban ruwa. Ƙananan na fetur suna zuwa da sil mai fuska biyu, kabon da tangaran, da sifirin ke mannewa. Wannan ba ya ɗiga, amma yana ƙonewa idan aka tayar da inji ba a cika masa ruwa ba, yashi kuma yana goge shi. Mai jan ruwa daga rafi mai yashi ya nemi na silikon kabaid, ko da kuɗinsa ya ɗara.

Ni dai a babban famfo na fi son igiya, duk da ɗigarta. Tana lalacewa a hankali, kana gani, kuma sifana ɗaya ta isa a ƙara matse ta a bakin gona. Sil mai fuska biyu sai an kwance famfon, wani lokaci an je har Kano neman daidai da shi, tumatir kuwa ba ya jira a lokacin rani. Kafin ka turo wa Baba kuɗin sabon inji, ka tambayi mai shagon wane irin sil ne a ciki, kuma ko ana samun na canji a Rano.