Daga Samaru zuwa Sabon Gari: Tsadar mai ta haɗu da tsadar waya

Zariya gari ne da ya daɗe da sanin darajar hanya da ta labari. Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Gari a farkon ƙarni na 20, inda 'yan kasuwa suka yi sansani kusa da tasha. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan kuma aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a 1964, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a 1986. Sai dai garin da ke horar da masana sufuri ya bar zirga-zirgarsa ta yau da kullum a hannun ƙananan bas, Keke Napep da 'yan acaɓa.

Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello, gari ne na masu albashi da ɗalibai. Sabon Gari kuwa cibiyar sari ce. Kowannensu na ci da ɗan'uwansa ta hanyar da ta bi Kwangila da PZ. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya bi sahu, mai shago a Samaru kuma ya ɗora shi kan kwanon shinkafa.

Dabarar da 'yan kasuwa da dama suka koma gare ta ita ce waya: a yi ciniki ta WhatsApp, a tura kuɗi ta banki, a aiko kaya a Keke. Ana cikin haka, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 zai ratsa Zariya, amma ba zai kai ma'aikaci ofis ba. Abin da ya rage ga gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari shi ne manyan motocin haya masu ƙayyadadden farashi da lokaci a wannan hanya. Idan babu su, ƙarin albashi zai ci gaba da ƙarewa a bakin tasha.