Masu Aikin Sa Kai da Masu Buƙata ta Musamman a Tarukan Ilimi

Zuwa ga Edita,



Tarukan ƙara wa juna sani a jami'o'in Najeriya ba sa rasa ɗalibai masu aikin sa kai, sai dai aikinsu bai cika wuce raba takardu da zaunar da manyan baƙi ba. Malami mai keken guragu kan tarar da zaure a bene babu gangara, kurma kuma ya wuni yana kallon leɓe ba tafinta. Alhali dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara, kuma wa'adin ya cika a 2024.

Kafin a gyara gini, horar da masu sa kai na rage wahalar sosai. Tun wajen rajista ake tambayar mahalarci buƙatarsa. Makaho ana miƙa masa gwiwar hannu ya riƙe, ba a jansa, kuma a tura masa maƙalu tun da wuri domin manhajar wayarsa ta karanta masa. Keken mutum ba a tura shi sai da izininsa. Fassarar maganar hannu aiki ne mai gajiyarwa, don haka tafinta biyu ake nema su riƙa karɓar juna, kuma haƙƙinsu ne a biya su.

Ana roƙon jaridar nan, duk taron da wakilanta suka halarta, su tambayi masu shirya shi tanadin da suka yi wa waɗannan mahalarta.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano